Dasashina ya kumbura yana ciwo, amma ina tsoron likitan haƙori

Tambaya: Likita, barka da aiki. Kusan sati biyu ke nan dasashina na ƙasa, gefen hagu, ya kumbura yana min zogi. In na sa burushi sai jini, shi ya sa na daina goge wajen. Yanzu har yana tashina cikin dare. Na san asibiti ya kamata in je, amma tun ina yarinya da aka danne ni aka cire min haƙori ban sake zuwa wurin likitan haƙori ba. Ko ƙarar na'urarsu na tuna sai jikina ya hau rawa. Akwai maganin da zan sha ya warke a gida?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Akwai abin da za ki yi a gida yau ɗin nan ki samu sauƙi, kuma zan faɗa miki shi filla-filla. Sai dai ba zan rufe ki ba: kumburin da ya yi sati biyu a gefe guda, har yana tada mutum daga barci, ba ya cikin waɗanda ƙwaya take warkarwa. Sai an leƙa bakin nan. Abin da aka yi miki kina yarinya kuwa, a danne yaro yana ihu a cire masa haƙori, ba daidai ba ne, kuma tsoron da ya bar miki ba raki ba ne. Shi ne ainihin abin da ya tsaya tsakaninki da lafiya, don haka zan daɗe a kansa.

Amma kafin nan, tashi ki tsaya gaban madubi. Kumburin a dasashi ya tsaya, ko ya fito kunci? Idan fuska ta kumbura, ko kina jin zazzaɓi da kasala, to yau za a gan ki, ba gobe ba. Idan kuma ya hau zuwa ƙasan ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa wurin ya yi tauri, ko baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba sa shiga a tsaye tsakanin haƙoran gaba, ko haɗiyar miyau ta gagara, murya ta canza, numfashi yana wuya, to ki bar karatun nan ki nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Dalili shi ne saiwar turamen ƙasa tana daf da ƙarƙashin harshe. Mugunya tana iya ɓallewa ta can, ta tura harshe sama da baya, ta toshe hanyar numfashi, kuma cikin sa'o'i take yin haka. Ga mai ciwon suga ko mai raunin garkuwar jiki abin ya fi gudu.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, muna da 'yan kwanaki a hannu, ba makonni ba.

Mafi yawan kumburin dasashi daga datti yake farawa. Farin abin nan mai santsi da farce yake kankarowa a gindin haƙori ba ragowar abinci ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne manne da juna. A 1965 wani likita, Harald Löe, da abokan aikinsa a Denmak suka sa wasu masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya koma daidai, ba tare da wani magani ba. Shi ya sa maganarki ta cewa kin daina goge wajen saboda jini ta fi komai damuna a cikin tambayar. Kowa haka yake yi, kuma da hujjarsa: wa zai goge wurin da yake jini? Amma jinin ba burushi ne ya yanke ki ba, dasashi ne ya riga ya kumbura, taɓawa kaɗan sai ya zubar. Duk ranar da aka tsallake wajen, dattin ƙaruwa yake, kumburin ma haka.

Wannan nau'in shi kaɗai ne ake iya kawarwa a gida. Sai dai shi ba kasafai yake zogi ba, ba ya zaɓen gefe ɗaya, ba ya kuma hana barci. Naki ya fi kama da ɗaya daga cikin abubuwa uku.

Dattin da ya daɗe, sinadaran miyau sukan daskarar da shi ya zama dutse-dutse, rawaya ko baƙi, kuma daga nan babu burushin da zai cire shi. Dasashi sai ya riƙa ja da baya daga jikin haƙori, ya bar aljihu. A lafiyayyen baki zurfin wannan tsagi milimita 1 zuwa 3 ne. Idan ya kai 5 ko 6, burushi ba ya isa ƙasansa, ƙashin da yake riƙe haƙori yana zaizayewa a hankali, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Ranar da bakin aljihun ya toshe, mugunya ta taru a ciki, sai a wayi gari da kumburi mai sheƙi da zogi.

Wani lokaci kuma dasashin ba shi da laifi, haƙorin ne. Kogo ya ci ya kai jijiya, jijiyar ta mutu, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa a cikin ƙashi tana neman hanyar fita. Mai irin wannan yakan ce haƙorin ya fi sauran tsawo, shi yake fara taɓawa in an rufe baki, kuma ba ya iya tauna da shi. Ciwon yakan ƙaru in an kwanta.

Na ukun, idan shekarunki suna tsakanin 17 da 25 ko sama kaɗan, kuma ciwon can ƙurya yake, turmin ƙarshe ne yake fitowa. Yakan leƙo rabi, fatar dasashi ta rufe rabi, abinci ya shige ƙarƙashinta, na sama kuma ya riƙa cizon wurin. Sau da yawa har kaluluwa takan fito a ƙasan muƙamuƙi.

Akwai abubuwan da suke ƙara rura wutar: juna biyu, ciwon sugan da ba a saita ba, shan taba (ita tana ɓoye jinin ma, cutar ta yi nisa ba a sani ba), da wasu magunguna da suke sa dasashi ya yi kauri, irin su amlodifin da nifedifin na hawan jini da fenitoyin na farfaɗiya. Kada a daina shan su da ka, a gaya wa likitan da ya rubuta. Dasashin da yake jini haka kawai tare da yawan gajiya da tabon jini a fata yana buƙatar gwajin jini. Haka gyambo ko ƙullutun da ya wuce mako uku bai warke ba, ko ba ya ciwo, sai an duba shi.

To, ga abin yi daga yau zuwa ranar da za a gan ki. Koma goge wajen, sau biyu a rana, da burushi mai laushi. Jiƙa shi da ruwan ɗumi ya ƙara laushi, ki karkata bakinsa zuwa inda haƙori da dasashi suka haɗu, ki juya a hankali, ba dirza ba. Zai yi jini, ki ci gaba. Zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki guntsa, ki riƙe a gefen na rabin minti, ki tofar, sau uku ko huɗu a rana. Idan kin samu ruwan kurkure baki mai kuloheksidin, irin Corsodyl, mililita 10 na minti ɗaya safe da dare yana rage ƙwayoyin cuta sosai. A bar tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki, kada kuma a wuce mako ɗaya zuwa biyu, don yana rina haƙori da harshe.

Na ciwo kuwa, ga babban mutum mai lafiya, ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, sau uku a rana, ya fi kama ciwon haƙori, saboda yana rage kumburin kansa. Ana iya haɗa shi da farasitamol miligiram 1000, da tazarar aƙalla awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce miligiram 4000 cikin awa 24. Duba kwalayen sauran magungunan da kike sha, da yawa daga na mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu, kuma idan ya yi yawa hanta yake ci ba tare da gargaɗi ba. Ibufurofen ba na mai gyambon ciki ba ne, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai asmar da irinsa yake tayar masa. Mai juna biyu ta tsaya kan farasitamol. Tsumma mai sanyi a kunci yana taimakawa, haka ƙara matashi lokacin kwanciya. Kada a gasa kuncin da ruwan zafi.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi: kada ki ɗora ƙwayar asfirin ko wata ƙwaya a kan dasashi. Nakan ga sakamakonsa a kai a kai. Mutum ya buɗe baki, sai ga wani farin tabo a dasashi da cikin kunci daidai girman ƙwayar, fatar ta ƙone tana saɓulewa, ƙasanta ja wur. Ciwo ɗaya ya zama biyu, haƙorin kuma yana nan yadda yake. Man kanumfari tsantsa ma yana ƙona fata haka. Kada kuma a tsire kumburin da allura ko tsinke.

Na san akwai wanda zai ce miki ki sha Amoxil da Flagyl. Yakan lafa kuwa, shi ya sa mutane suka yarda da shi. Amma antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta irin waɗannan biyun, a cikin jini yake tafiya, kuma jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori, ba ya shiga tsakiyar mugunya, ba ya narkar da dattin da ya daskare. Yana kwantar da gefe-gefe, tushen yana nan, bayan makonni ko watanni ya dawo, a sake sha, har ranar da ya daina ji. A 2019 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa mafi yawan ciwon haƙori da kumburin da bai bazu ba, aiki a kan haƙorin suke buƙata, ba antibayotik ba. Akwai ranar da ake buƙatarsa, idan akwai zazzaɓi ko kumburin yana yaɗuwa, amma likita ne zai rubuta, tare da aikin, ba a madadinsa ba.

Ki kuma yi hattara da sauƙin da yake zuwa kwatsam. Wata rana za ki ji wani ruwa mai gishiri-gishiri da wari ya cika baki, zogin ya ɗauke, wani ɗan ƙurji ya rage a dasashi yana fitowa yana komawa. Mai tsoron asibiti a nan yake cewa alhamdulillahi ya warke. Mugunyar ce ta samu ƙofa, cutar tana ci gaba da cin ƙashi shiru. Haka idan jijiya ta gama mutuwa, ciwon yakan tsaya na wani lokaci.

Yanzu maganar tsoro. Abin da ya fi ba ni tausayi a aikin nan shi ne yadda tsoro yake jawo wa mutum daidai abin da yake gudu. Ya ƙi zuwa lokacin da wanki kawai ake buƙata, sai ya zo da fuska a kumbure, bai yi barci ba, a lokacin da aikin ya fi girma. Akwai ma dalili na jiki: naman da ya kumbura da mugunya ba ya karɓar allurar kashe zafi kamar lafiyayye, don haka wanda ya jinkirta shi ya fi fuskantar allurar da ba ta kama sosai ba. Sai ya fita yana cewa ai na faɗa, ya sake ɓacewa shekaru. Zuwanki a makon nan ya fi zuwanki a wata mai zuwa sauƙi, a jikinki za ki ji bambancin.

Idan na tambayi masu irin tarihinki me suke tsoro, ba kasafai suke cewa zafi ba. Kwanciyar suke tsoro, baki a buɗe, ba halin magana, wani yana yin abin da ya ga dama. A lokacin yarinya ce ke, ba a nemi izininki ba. Yau ba mai taɓa bakinki sai da yardarki, kuma kina da ikon janye yardar a tsakiyar aiki. Ki yi amfani da wannan iko tun daga ƙofa. Ki ce: "Likita, ina da tsoro sosai, an taɓa danne ni ina ƙarama. Yau dubawa kawai nake so, a yi min bayani kafin a yi komai." Ku yi yarjejeniya cewa in kin ɗaga hannun hagu zai tsaya nan take, kuma ki gwada ɗagawa tun a minti na farko, ba don wani abu ba sai don ki ga ya tsaya ɗin. Na sha ganin mutum ya damƙe hannun kujera har jijiyoyin hannunsa sun tashi, ya ɗaga hannu sau ɗaya, aka tsaya, daga nan kafaɗunsa suka sauka, bai sake ɗagawa ba har aka gama. Likitan da ya yi miki dariya ko ya ce ke ba yarinya ba ce, ki tashi ki nemi wani. Masu haƙuri suna da yawa.

Duban farko ba allura a cikinsa. Ɗan madubi ne, da wani siririn ƙarfe marar kaifi mai zane-zanen milimita da ake auna aljihun dasashi da shi, sai a ɗan ƙwanƙwasa haƙoran a ji wanne yake amsawa, wataƙila a taɓa su da abu mai sanyi, a ɗauki hoto. Da waɗannan ake gane wanne ne cikin ukun da na faɗa. Idan akwai mugunya, zan ba ki shawarar ki yarda a fitar da ita a ranar, don sauƙin da yake biyo baya ba ƙwayar da take ba da shi. Amma shawara ce, ke za ki yanke.

Allurar kanta, nemi a fara shafa man kashe zafi a wurin, a bar shi minti ɗaya ko biyu. Yawancin raɗaɗin ba daga tsinin yake ba, daga saurin tura ruwan ne, don haka ki ce a yi a hankali. Maganin da aka fi amfani da shi, lidokain, yawanci haɗe yake da ɗan adirenalin don ya daɗe a wurin, kuma yakan sa zuciya ta buga da sauri, hannu ya ɗan yi rawa na 'yan mintuna. Wanda ba a gaya masa ba sai ya ɗauka wani mugun abu ne ya same shi. Yana wucewa. Bayan leɓe ya yi nauyi za ki ci gaba da jin dannawa da motsi, wannan ba ya ɗaukewa, amma zafi mai tsini bai kamata ki ji ba. In kin ji, ɗaga hannu, a ƙara. Ba jarumtaka ake nema a kujerar nan ba.

Ba kowane kumburi ne yake ƙarewa da cire haƙori ba. Idan aljihun dasashi ne, wanki ne: na'ura mai ƙara da feshin ruwa tana farfasa dattin da ya daskare, kuma ana iya kashe wurin kafin a fara. Ba ta kankare haƙori, gibin da wasu suke gani bayan wanki wurin da dattin ya cike ne. Idan jijiya ce ta mutu, sau da yawa ana iya cire ta, a wanke cikin saiwar, a cike, haƙorin ya zauna. In ma cirewar ce ta kama, maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙori yana taɓa ido ba ta da tushe. Mugunyar da aka bari a haƙorin sama ce take iya kaiwa ga ido. Mai juna biyu ma ana yi mata aikin haƙori da allurar kashe zafi lafiya lau, barin cutar ne haɗari.

Ƙananan dabaru suna da amfani fiye da yadda ake zato. Karɓi lokacin safe, don kada ki wuni kina saƙawa da kwancewa. Ci abinci kafin ki fita, yunwa tana cikin abubuwan da suke sa mutum ya suma a kujera. Tafi da wanda hankalinki yake kwanciya da shi, ba wanda ya fi ki tsoro ba. Tun da ƙara ce take tayar miki da hankali, sa abin saurare a kunne. Ja numfashi ta hanci, ki fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Idan duk da haka jiki ya ƙi, akwai mataki na gaba, kuma neman sa ba abin kunya ba ne. Akwai iskar da ake shaƙa ta hanci, wadda likitocin haƙori suke amfani da ita tun 1844, tana kwantar da hankali mutum yana farke, ta kuma washe cikin mintuna. Akwai ƙwayar da likita yake bayarwa kafin aiki, akwai kuma allurar da ake yi ta jijiyar jini da take sa mutum ya yi luf, ya tashi bai tuna yawancin abin da aka yi ba. Waɗannan biyun suna buƙatar mai rakiya zuwa gida. Ba kowane asibiti yake da su ba, sai a tambaya tun kafin a je. Kada ki sha maganin barci da kanki ki tafi. Bayan wannan ciwon ya wuce, zama da masanin halayyar ɗan Adam yana rage tsoron kansa, ta hanyar saba wa mutum da abin kaɗan-kaɗan, kuma tasirinsa yana daɗewa.

Akwai abin da ba ki faɗa ba amma na saba jin sa a ƙarƙashin irin wannan tambaya: kunya. Shekaru ba a je ba, baki yana wari, kar a yi min faɗa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne suke fama da cutar dasashi mai tsanani. Abin da yake bakinki shi muke gani daga safe zuwa yamma, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lokacin neman ganin likita, kada ki ce kawai kina son a duba haƙori, za a iya tura ki makonni. Ki ce akwai kumburi na sati biyu da ciwon da yake hana barci, wannan yana sa a ba ki wuri da wuri. Rubuta sunayen duk magungunan da kike sha, har da na ciwon da kika sha a kwanakin nan da lokacin da kika sha na ƙarshe. Ki faɗa idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, ko kina da ciwon suga, hawan jini ko ciwon zuciya, ko wani magani ya taɓa fito miki da ƙuraje, musamman dangin fenisilin.